Waƙar Da Aka Rubuta Wa Mem

Waƙar da Zuleica ta rubuta wa uwar saurayinta ce ta ɓata komai.

Yammacin biyar ga Disamba ne, bikin Sinterklaas. Duk dangin saurayin nata, Wiebe, sun zagaye teburin falo a ƙauyensu na kusa da Dokkum a ƙasar Holan, ga koko mai zafi, ga buhun kyaututtuka a tsakiya. Tun a Nuwamba aka yi ƙuri'a. Sunan wanda ka ciro, shi za ka saya wa kyauta, ka haɗa masa da waƙar tsokana, ka sa hannu da sunan tsoho Sint. Shi kuma dole ya karanta da bakinsa har ƙarshe.

Zuleica, ƴar tsibirin Cabo Verde da ke aiki a kamfanin cuku, sunan Sjoukje ta ciro, mahaifiyar Wiebe, wadda kowa ke kira Mem.

Mem ta gyara tabarau ta fara:

"Sjoukje, Sint yana ganinki,
Ran Alhamis ina ne zuwanki?
Kin hau keke, kin sha jan bakinki,
Gidan Douwe kofi na jiranki..."

Ba wanda ya yi dariya.

"Wane Douwe?" in ji Sjoerd, yayan Wiebe. "Douwe mai gyaran kekuna?"

Mem ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa waƙar.

"Mem!" in ji Sjoerd. "Heit, babanmu, ko shekara bai cika a ƙasa ba!"

Sjoerd ya tattara yaransa, ko kyautarsu ba su buɗe ba, ya buga ƙofa.

Ba a tambayi wa ya rubuta ba, don a al'adarsu ba a tambaya. Amma wa ke juya kalmomin Holanci haka in ba baƙuwa ba?

Tjitske kuwa, ƴar maƙwabta, tsohuwar budurwar Wiebe da Mem ke gayyata kowace shekara, tana ta taunar biskit abinta.

A mota Wiebe ya daɗe bai kunna injin ba.

"Zuzu... me ya kai ki?"

"Ta ce kowa ya sani! Ta ce in ba ka ciji mutum a waƙa ba, to ba ka ɗauke shi naka ba."

"Wa ya ce?"

"Tjitske. Ita na roƙa ta taya ni da kalmomin."

"Tjitske! Duk garin nan? Me ya hana ki tambaye ni?"

"Kai ka ce min sirri ne, ko kai kar in gaya wa!"

Ya kifa kai a sitiyari.

"Ana tsokanar mutum da minsharinsa, masoyiya. Da ƙona miya. Ba da wannan ba."

"To a ina aka rubuta? Wiebe, na gaji. Na koyi harshenku, na koyi keke cikin ruwan sama, na koyi a ba ni biskit ɗaya a rufe gwangwani in ce na gode. Kullum akwai wata doka da ba wanda ya faɗa min sai na taka ta."

"Ba ni lokaci."

"Lokacin me?"

Ya kunna mota.

Sati biyu ba kira. Tana fita aiki cikin duhu, ta dawo cikin duhu. An kunna fitilun Kirsimeti a tagogin mutane, ita ko labule ba ta ɗagawa. Har ta fara duba jirgin gida.

Ranar wata Asabar ta hau keke, iska na dukan fuskarta, ta je ta danna ƙararrawar Mem.

"Ba mu yi alƙawari ba," in ji Mem.

"Na sani, Mama."

"To shigo, kina sako min sanyi."

Ta zuba mata kofi. Zuleica ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, kuka ya riga maganar.

"Share hawayenki, ba na son wannan. Rubutun naki ne, duk kurakurai. Amma zancen ba naki ba ne. Mutum ɗaya ce ta taɓa ganina a ƙofar Douwe, na kuma san ta."

"Wallahi ban..."

"Na ce na sani. Ba ta ƙara taka min gida." Mem ta kalle ta sama da ƙasa. "Ba ke na so wa ɗana ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma tun ranar nan ya zama kamar jiƙaƙƙen kare. Ranar Kirsimeti ta farko ki zo. Ta farko na ce, ta dangi, ba ta biyu da ake yi kashegari ba."

Ta ɗaga murya.

"Wiebe! Sauko, na san kana laɓe a matakala!"

Ya sauko da jajayen idanu.

"Zuzu... ni ne sakaran. Ya kamata in tsaya miki tun a falon nan."

"Ya kamata."

"Za ki aure ni duk da haka?"

"Ka bari in shanye kofina tukuna."

Da bazara aka sa rana. Sjoerd ya huce, har yana kawo yaran wurin kakarsu. Zuleica ba ta san da me aka sayo wannan sulhu ba, sai ranar da suke lissafa waɗanda za a gayyata.

"Mama, mu sa Douwe? Ni zan yi wa Sjoerd magana."

Mem ta ci gaba da goge tebur.

"Sjoerd ya ce in zaɓa, ko Douwe ko jikokina."

"Kika ce me?"

"Na ce wa Douwe kar ya ƙara zuwa. Ya rufe shagon, ya koma wurin ƴarsa a Zwolle."

"Ko waya bai yi ba?"

"Na ce kar ya yi." Ta ninke tsumman, ta rataye shi a bakin famfo. "Shi kuma mutum ne mai jin magana."