Minti Goma Sha Ɗaya a Taga ta Uku

A kwana na huɗu da zamansa a bencin ƙarshe na bankin gwamnati, agogon auna lokaci a hannu, littafi a cinya, ma'aikaciyar taga ta uku ta yafito shi.

"Malam, ajiya ka zo yi ko fashi kake shiryawa?" ta tambaye shi ta ƙasan gilashi. "Kwana huɗu kana kallona kana danna agogo."

Ya yi bayani da in'ina. Ɗalibin digiri na biyu ne, binciken da aka ba shi kuma shi ne kwatanta bankunan gwamnati da masu zaman kansu: minti nawa mutum ke yi a gaban taga kafin a sallame shi. A banki mai zaman kansa da ke tsallaken titi minti uku ne. A nan bakwai. A tagarta, goma sha ɗaya.

"Ni ce ta ƙarshe a aji ke nan, Mai Agogo," ta ce tana dariya.

Ya ga dalilin da idonsa. Tsofaffin 'yan fansho layinta suke bi. Takan karanta musu fom, ta gyara lambar da suka juya, ta jira mai rawar hannu ya gama sa hannu. Amma littafinsa ba shi da gurbin rubuta wannan, sai ya rubuta goma sha ɗaya.

Daga ranar saƙonnin waya suka fara tsakaninsu.

"Taga Uku, minti arba'in na yi ina neman kalmar da zan gaishe ki da ita."

"Sakamakonka bai yi kyau ba, Mai Agogo. Gobe ka zo da kanka ka ce sannu."

Wata biyar suka yi a haka, har ya fara zuwa gaishe da iyayenta. A wata na shida malaminsa ya miƙa rahoton ga hedikwatar bankin. Ya ɓoye sunayen ma'aikata kamar yadda ƙa'ida ta tanada, amma ya bar lambobin tagogi. Da aka yanke shawarar rufe reshen, aka rarraba masu sauri zuwa wasu rassa, ita kuma aka ba ta takardar sallama.

Mahaifinta, wanda ya yi shekara talatin a bayan irin wannan taga, ko zama bai ba shi ba.

"Da biro ka kore ta daga aiki, yanzu kuma aurenta kake nema? Kada in ƙara ganinka."

Ɗan aminin Baban, jami'i a bankin tsallaken titi, ya samo mata aiki a wurinsu, ya kuma fara zuwa gidan da mota. Saƙonta na ƙarshe gajere ne.

"Gaya mini gaskiya. Lokacin da kake mini murmushi, agogon yana tafiya?"

"Yana tafiya," ya rubuta. Ba ta amsa ba.

Ya koma zaman benci, wannan karon a bankin tsallaken titi, a kusurwar da ba za ta hango shi ba. Fuskoki ya riƙa ƙirgawa. A cikin tsofaffi goma da aka sallama a minti uku, shida sai sun dawo saboda kuskuren fom, wasu har sau uku. Ya duba tsohon littafinsa, ya tuno fuskokin da ya gani: a tagarta babu wanda ya taɓa dawowa a kan abu ɗaya. Ya rubuta gyara mai shafi tara. Malaminsa ya ce an riga an rufe maganar. Hedikwata ba ta ko amsa ba.

Sai ya kai wa mahaifinta. Tsohon ya sa tabarau ya karanta a tsaye.

"Za su mayar da ita?"

"A'a, Baba."

"Kai ka samu aiki?"

"Ban samu ba."

"To me ka kawo mini?"

"Shaidar cewa ni na yi kuskure, ba ita ba."

Labule ya motsa, ta fito. Ta rame.

"Baba, jiya na ajiye aikin can," ta ce. "Sun sa mini fitila a taga, in na wuce minti uku ta yi ja. Wata tsohuwa tana laluben katinta a jaka, na ji bakina yana ce mata ta matsa gefe. Da na gaya wa ɗan amininka, cewa ya yi zan saba." Ta juyo. "Mai Agogo, na gan ka a kusurwa tun ranar farko. Ba ka iya ɓuya ba."

"Ba ni da abin da zan ba ki, masoyiya."

"Na sani. Ai na iya karanta fom."

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure a falon Baban, mutane kaɗan, rabinsu 'yan fansho. Reshen yana nan a rufe, su biyun kuma ba mai albashi. Baba ya dafa kansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya kawo mafita. Ni dai ban hango ta ba tukuna."

A ɗakinsu na haya ya miƙa mata agogon. Ta juya shi, ta cire batirin, ta ajiye a kan taga.

"Zauna, angona," ta ce. "Babu kowa a layi."