An Ce In Dafa Abincin Baikonsa

"Sake faɗa, Wejdan. Baikon wa?"

Na matse wayar a kunnena har ya yi zafi. A ɗaya hannun bokitin dusa nake riƙe da shi, awaki sun kewaye ni suna ta ihu.

"Baikona da Badr mana," ta ce tana 'yar dariya. "Ranar Alhamis bayan la'asar. Khala Saudatu ta ce kada ki karɓi wasu baƙi, mu kaɗai ne a istirahar. Mutum tamanin. Raguna huɗu na mandi. Sannan wannan masar taku ta ƙauye, ki yi da yawa."

Na ƙara damƙe bokitin.

"Kina ji na, ya Mastura? Ke kika fi kowa sanin abin da Badr yake so ya ci, shi ya sa muka ce ke za ki shirya. Yalla, ma'assalama!"

Ƙit! Ta kashe.

Ban san lokacin da na yi jifa da bokitin ba.

Shekarata huɗu a wannan istiraha, gidan gona ne na saukar baƙi a hanyar Usfan, tafiyar awa ɗaya daga Jidda. Daga Gumel na zo, da takardar karatun kiwo a hannuna. Ranar da na iso dabinai sun bushe, dawakai biyu sun rame kamar za su faɗi, tantunan kuwa ɓeraye ne masu kwana a ciki. Mai wurin ya rasu, matarsa Khala Saudatu ta gaje shi, ita ce kafilata, wato mai riƙe da iƙamata, takardar zamana a ƙasar. Ni na tayar da wurin da hannuna. Yanzu duk Alhamis da Juma'a iyalai ne ke cika shi, yara suna ba awaki ciyawa, iyaye suna shan shayi da na'ana a ƙarƙashin dabino.

Kullum sai na tashi da asuba, in duba dawakai, in tatsi nono, in yi faɗa da mai kawo burodin tamis, in lallashi baƙon da sauro ya ciza kamar ni na aiko shi.

A haka Badr, ɗan Khala Saudatu, ya same ni. Haihuwar Jidda ne, yana jin Hausa sosai amma idan zai mayar sai ta riƙa kakare masa. Shekara guda ke nan yana ce mini zai aure ni.

Wejdan kuwa 'yar kawunsa ce.

Washegari da safe na ji ƙarar motar Badr. Ina cikin bargar dawakai ina kwashe kashi. Ya shigo da damin ciyawa a kafaɗa, yana murmushi kamar bai yi komai ba.

"Sabahul khair, ya galbi, zuciyata..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan!"

Ya sauke damin a hankali.

"Esh fi? Me ya faru?"

"Rago huɗu ya ishe ka, ango? Ko in ƙara ɗaya?"

"Wane ango?"

"Badr, ka raina ni, na yarda. Amma kada ka raina hankalina! Ranar Alhamis baikonka da Wejdan, kuma ni aka ce in dafa!"

Fuskarsa ta sauya.

"Wallahil azim ban sani ba! Ummi ta ce walima ce, saboda kakata Sitti ta fito daga asibiti. Haka ta ce mini, wallah!"

"To yanzu ka sani."

"Habibti, ki saurare ni..."

"Shekara guda ina sauraron ka! Zan yi wa Ummi magana, zan yi wa Ummi magana. Ka yi?"

"Na yi. Sau biyu."

"Me ta ce?"

Ya kalli ƙasa.

"Na ce me ta ce!"

"Ta ce... ke 'yar iƙama ce. Ta ce ba za ta yi yawon neman izinin auren baƙuwa a wurin hukuma ba, mutane su ce ɗanta ya auri mai yi musu aiki."



"Kai kuma me ka ce?"

"Na ce inshallah za ta sauko."

"Inshallah za ta sauko..." Na yi dariya, hawaye na zubo mini. "An zagi matar da ka ce kana so, ka ce inshallah. Ka ɓoye mini, kana zuwa nan kana cin masata kana kira na ruhinka!"

"Ba na son ranki ya ɓaci ne."

"To ga shi ya yi daɗi!"

Ya matso, na ɗaga masa shebur.

"Tsaya nan. Zan yi muku aikinku, don ba a taɓa kama ni da ha'inci ba. Ranar Asabar kuma ka ce wa mahaifiyarka ta buga mini takardar fita. Gida zan koma."

"Mastura, la, a'a! Zan gyara, ki ba ni..."

"Halas, Badr, shi ke nan. Fita, kana tsorata mini dawakai."

Ranar Alhamis tun da hantsi muka hura wuta a ramin mandi, inda ake gasa rago da shinkafa. Yaya Mansura, mai girkinmu 'yar Damagaram, tana dama ƙullun masa tana huci kamar ita aka yi wa.

"Ki bar ni in juye musu gishiri, ƙanwata. Kwano ɗaya kawai."

"A'a, Yaya."

"To barkono. Su yi ta tari har Jidda!"

"Sunana ne a kan abincin nan. Ba za su tafi suna cewa baƙin ciki ya hana ni iya girki ba."

Ta yi tsaki. "Vraiment, gaskiya zuciyarki ta fi tawa kyau."

Ba kyau ba ne. Fushi ne. Da shi na shimfiɗa dardumai, da shi na wanke kofunan gahawa ɗari, da shi na ɗaure wa tantin mata furanni.

Bayan la'asar motoci suka fara shigowa. Khala Saudatu ta fito tana ƙamshin turare, ta kalli wurin sama da ƙasa, ba ta samu abin kushewa ba. Sai ta miƙo mini wata riga mai ruwan toka, irin ta masu aikin gida.

"Sa wannan. Ke za ki raba wa mata abinci."

"Khala, ni ke kula da wurin nan. Akwai masu rabo."

"Na ce ke."

Na karɓa, na ninke ta, na ajiye a kan kujera. Da abayata na ɗauki tire.

Wejdan na zaune a tsakiyar ƙawayenta, ta sha gwal har wuya.

"Ya shaggala!" ta kira ni da ƙarfi, wato 'yar aiki. "Zo ki ɗauke mu hoto."

Suka kwashe da dariya. Na wuce ta kamar ban ji ba.

A can gefe aka ajiye wata tsohuwa a keken marasa lafiya, 'yar firit da ita, kowa ya manta da ita. Na san ita ce Sitti Rabi'atu, kakar Badr ta wajen uba, duk da ban taɓa ganin ta ba. Na durƙusa na ajiye mata masa da kofin fura.

Ta kurɓa. Ta tsaya. Ta sake kurɓa.

"Wa ya dama wannan?" Hausarta tsantsa, babu Larabci ko ɗaya.

"Ni ce, Kaka."

"'Yar ina ce ke?"

"Gumel."

Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban zata ba.

"Ni 'yar Maigatari ce. Ina shekara bakwai muka taso da ƙafa. Zauna nan kusa da ni, 'yar nan."

Ban kai ga zama ba muka ji hayaniya daga tantin maza. Can sai ga Badr a ƙofar tantinmu, ya juya baya saboda mata.

"Ummi! Ki fito!"

Khala Saudatu ta miƙe. "Badr, esh hada? Mene ne haka? Koma wurin kawunka, ana jiran ka!"

"Ba zan koma ba. Na faɗa wa Khali Mazen a gaban kowa, ni ban nemi Wejdan ba. Ƙanwata ce. Kin ce mini walimar Sitti ce, Ummi, ashe tarko kika ɗana mini!"



Sai ya ci gaba da Hausa, yana haɗa kalmomin da ƙyar, don in ji da kunnena.

"Ni Mastura nake so. Ita kawai. In ba ita ba, ba kowa."

Wejdan ta fashe da kuka, ta cire sarƙarta ta yi wurgi da ita. Khala Saudatu kuwa kaina ta yo.

"Ke! Me kika ba ɗana ya ci? Na kawo ki ƙasar nan, na ba ki iƙama, ki saka mini da wannan? Baƙuwa! Gobe ba jibi ba za ki bar ƙasar nan!"

Na ajiye tiren a hankali. 

"Khala, ba kyauta kika ba ni ba, aiki na yi. Kango na tarar a nan. Duk dabinon da kike zaune a inuwarsa ni na shayar da shi. Ɗanki kuma ban ba shi komai ba sai abin da kike ci yanzu. Shi ya zo ya same ni, kuma ni ma fushi nake da shi, fiye da ke! Takardar fita kuwa ni na fara nema. Ki buga!"

"Kin ji rashin kunya ko? 'Yar iƙama tana..."

"Saudatu."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya juya. Sitti Rabi'atu ce.

"Wa kike kira baƙuwa?"

"Ummi, ke ba ki da lafiya, ki bar..."

"Na ce wa kike kira baƙuwa? Shekara bakwai muka yi a hanya. Na binne ƙanena biyu a Sudan. Da muka iso garin nan wankau na yi wa mutane, na sayar da gyaɗa a bakin titi, ana kira na da sunan da kika kira yarinyar nan yanzu. Da wannan wankau na raini mijin da kika aura. Uwarki kuma a jirgin ruwa ɗaya muka tsallako da ita, zani ɗaya gare ta. Yaushe kika zama 'yar gari har kike korar mutane?"

Sitti ta nuna ni da yatsa.

"Ita ta zo da karatunta da takardarta. Ta fi mu shigowa da mutunci. In kin kore ta, ki haɗa da ni."

Khala Saudatu ta ja mayafinta ta fice. Wejdan da ƙawayenta suka bi ta. Ni ma na fice ta baya, na nufi garken awaki, don a nan ne kawai ba mai kallo na.

Badr ya biyo ni.

"Ya ruhi..."

"Kada ka zata ka burge ni."

"Na faɗa a gaban kowa!"

"Bayan shekara guda! Sai da aka matse ka a lungu sannan ka samu baki. Da ba su haɗa wannan taron ba fa? Da har yau kana cewa inshallah!"

Ya ce, "Gaskiya ne."

Ban zaci zai amsa ba. Hakan ya ƙara ba ni haushi.

"Tsoro na ji, Mastura. Tun da Abuya ya rasu ban taɓa ce wa Ummi a'a ba. Yau na ce. Ki yafe mini... don Allah, ya galbi, kar ki tafi."

Na share fuskata da gefen mayafi.

"Ni ba a bayan garke ake neman aurena ba. Ina da iyaye. Kawuna Rafi'u yana unguwar Mahjar a Jidda, ka je ka same shi da manyanka, shi zai kira Babana a Gumel. Kuma ko na aure ka ba zan bar aikina ba."

"Na yarda."

"Ban gama fushi ba."

"Na yarda da wannan ma."

Ranar Asabar ya je Mahjar, yana tura keken Sitti da kansa.

Wata bakwai izinin auren ya ɗauka. A cikinsu Khala Saudatu ba ta kore ni ba, ba ta kuma ce mini uffan ba. In ta zo istirahar sai ta aiko Yaya Mansura da saƙo, ko da ina tsaye a gabanta. Ni ma ban roƙe ta ba. Gaisuwa kawai, in wuce.

Ranar ɗaurin aure da safe ina zaune an ƙunsa mini lalle hannu da ƙafa, sai ga Yaya Mansura a guje.

"Tankin ya ƙafe! Mai motar ruwa ya ce ba zai zo ba sai gobe, ga baƙi ɗari biyu a hanya!"

Na zabura na miƙe, ledar lallen na zamewa.

"Miƙo mini wayata! Wallahi yau sai mutumin nan ya..."

"Zauna!"

Khala Saudatu ce a bakin ƙofa. Ban ma san ta iso ba.

"Za ki ɓata lallen. Zauna na ce."

Na zauna. Ta fizgi wayar daga hannun Yaya Mansura, ta danna, ta kara a kunne. Da ya ɗauka sai da tagar ɗakin ta amsa muryarta.

"Kai! Ka san da wa kake magana? Yau ake auren 'yata! Binti, ka ji ko? In ba ka kawo ruwan nan kafin azahar ba, da ƙafata zan zo in same ka!"

Ta kashe, tana haki. Ta juyo ta gan ni ina kallon ta, idona ya cika.

"Me kike kallo?" ta ce tana harara ta. Sai ta durƙusa, ta kama ƙafata, ta gyara ɗaurin ledar da hannunta. "Kada ki yi mini kuka, kwallin zai zube. Ɗago ɗayar."

Na ɗago mata.