Ruwan Zafi a Karafan

Bayan sallar la'asar Mukhtaru ya ɗauki 'yarsa Suhaila suka fita bayan gari, su duba wata karafan da aka yi masa tallarta. Karafan mota ce mai ɗaki a jikinta, da gado da murhu da makewayi, irin wadda masu hali ke fita da ita daji shan iska. Shi ba shan iska ya kai shi ba. Tun da aka rushe gidansu na unguwar Nakkasa, nan birni mai tsarki, suka koma haya a unguwar Aziziyya, kuma sharaɗin mai gidan shi ne duk shekara in aikin Hajji ya ƙarato su kwashe kayansu su ba alhazai wuri. A baya gidajen dangi suke raɓawa. Bana ya ce ya gaji da ganin 'yarsa tana barci a falon wasu. Ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar uwarta, Shatu.

Mai motar wani saurayi ne, Marwan. Ya buɗe musu ƙofa ya koma gefe yana danna waya. Mukhtaru tsohon direban bas ne, bai san gaggawa ba. Ya shafa tayoyi, ya kwanta ya leƙa ƙasa neman tsatsa, ya hau ya duba rufi. A ciki ya bi daɓen yana dannawa da diddige ko katakon ya ruɓe. Ya tayar da inji ya tsaya yana saurare.

"Ya ammi, mota ce fa, ba amarya ba," in ji Marwan, yana ce masa kawu da Larabci.

"Amarya ai tana da baki, za ta faɗi abin da ke damunta. Wannan ƙurar da ke ciki fa?"

"Wani ɗan kwangila na ara wa. Ma'aikatansa suka kwana a ciki lokacin rusau na Nakkasa. Tun da ya maido ta ba wanda ya shiga."

Mukhtaru ya ci gaba da dube-dubensa. Rana ta faɗa bayan duwatsu, inuwa ta cika filin.

"Baba, yalla, mu tafi, magariba ta yi," in ji Suhaila daga bakin ƙofa.

Saura abu ɗaya. Yana so ya gani ko bututun wurin wanke-wanke zai jure zafi. Ya tafasa ruwa a buta a kan murhun, ya tuttula a magudana yana duban agogo, bakinsa a rufe. Wani siririn kuka ya fito daga ƙasa, kamar na ɗan kyanwa, ya yanke. Ya sunkuya ya duba, bututu ba ya yoyo. Da ya ɗago sai ya ga Suhaila zaune a ƙasa, ta zuba wa magudanar ido.

Washegari da aka kira magariba aka fara jifa. Gidan a bene yake, tagogi a rufe, amma duwatsu na faɗowa tsakiyar falo kamar daga silin. Ba sa samun kowa. In an idar da salla sai a daina. Kullum haka. Suhaila kuwa ta bar abinci, ta bar magana. Ta koma lungun ɗaki ta naɗe hannuwa kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa a hankali. A asibiti an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Uban ya riƙa zama gabanta da cokali a hannu yana kiran sunanta, tana dubansa kamar baƙo, wuyanta na ƙara sirancewa.

Yayarsa Hadijatu ta zo daga unguwar Jarwal. Ta ɗauki dutse ɗaya ta juya shi a tafin hannu. Ɓaraguzan gini ne, gefe guda da koren fenti.

"Mukhtaru, wannan ba fentin zaurenku ba ne?"

Shi ne ya yi wa zauren fentin nan da hannunsa. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Hadijatu ta yafa mayafi ta tafi kiran Malam Hudaifa.

Malam Hudaifa tsoho ne mai sanyin murya, da shi aka yi zaman Nakkasa. Ya iso ana shirin magariba, ya yi salla da su, sannan ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Fitilun titi suka kama. Can Suhaila ta ɗaga kai. Ita da Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, rabi Larabci, sai ga tsohuwar Hausa irin ta kakanni tana fita daga bakinta.

"Sassauta, Malam. Za ka tashe shi."

"Wa zan tasa?"

"Ɗana." Ta dubi hannuwanta. "A'a. Ci gaba. Ba zai tashi ba."

"Wace ce ke, kuma me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Maƙwabciyarsu ce. A ƙarƙashin matakalar gidansu nake tun kafin a kawo Shatu. Da aka zo rusau an gaya wa kowa ranar tashi, mu ba wanda ya gaya mana. Na fito da goyo, ban ga abin da ke tsaye ba sai motar nan." Ta juya ga Mukhtaru. "Ka duba taya, ka duba rufi, ka ƙwanƙwasa kowane katako. Ko sallama ba ka yi ba. Shatu ba ta taɓa zubar da ruwan zafi ba sai ta yi bisimilla, ta ɗan jira mu kauce. Ɗana yana barci a magudanar don da sanyi."

Mukhtaru ya sunkuyar da kai.

"Bai gan ku ba," in ji Malam. "Kuskure ne, kin sani. Yarinyar kuma ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ya ɗauki nawa, na ɗauki nasa."

"To ki ɗauke ni," in ji Mukhtaru. "Ni na zuba."

"Me zan yi da kai? So nake ka zauna kana kallo, yadda na zauna."

Malam ya koma karatu, ya ɗaga murya. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, amma hannuwan ba su saki abin da suke riƙe da shi ba. Hadijatu na kuka a bakin ƙofa.

"Bari, Malam," in ji Mukhtaru. "Don Allah bari." Ya matso ya durƙusa. "Baiwar Allah, ban da abin da zan biya ki da shi. Yarinyar nan a gabanki aka haife ta."



"A gabana," in ji muryar, ta yi ƙasa. "In Shatu na girki ni ke kore mata ƙuda. Ranar da aka fita da gawar uwarta ni na kwana kusa da ita, kai kana zaure. Na zo da niyyar kashe ta. Kullum sai in ce gobe."

"Faɗi abin da kike so wanda bai saɓa wa Allah ba," in ji Malam.

"Ya tuƙa motar ya mai da ni tudunmu na Nakkasa. Can na haife shi, can zan binne shi."

"Babu komai a wurin yanzu, sai fili da shinge."

"Na san inda matakalar take."

"Gobe zan roƙi mai motar," in ji Mukhtaru. "Da kaina zan kai ki."

"Sai ki fita yanzu," in ji Malam, "kuma ba dawowa."

"Zan fita. Ba don kai ba, Malam, ba don shi ba."

Yatsan ƙafar Suhaila ya karkaɗa, ta yi atishawa, ta sulale jikin gwaggonta. Hannuwanta suka warware a hankali.

Da ta buɗe ido ta dubi ubanta, wannan karon ta gane shi. Hawaye na zuba a fuskarta, tana sharewa suna sake zubowa, tana mamakinsu.

"Baba, ƙirjina nauyi. Wani ya mutu ne?"

Mukhtaru ya riƙe hannunta da hannu biyu.

"E," ya ce. "Ɗan maƙwabta."