Muryar Inna a Garkar Albasa

Munkaila ya dawo Badaguishiri daga karatun noma a Rasha, ya tarar an binne mahaifiyarsa da wata biyar. Gidan ya yi masa faɗi, sai ya koma kwana a garkar albasa, lambunsu na cikin fadama.

"In ka ji kira can, kak ka amsa," in ji Goggo Balki, ƙanwar ubansa.

"Goggo, sauro kaɗai ka kiran mutum cikin fadama."

"To, ɗan lakwal, ɗan boko. Allah shi tsare."

A dare na uku kwaɗi suka yi tsit lokaci guda. Ya ji warin daddawa, irin wanda ke kama zanen Inna. Bakin rijiya wata mace na tsugune, ta ba shi baya, tana wanke hannu a guga, amma ruwan ba ya ƙara.

"Munkaila," ta ce.

Muryar Inna ce, har da dusashewarta. Ya miƙe zai ce na'am, sai ya tsaya. Shi ne ɗan fari. Shekara talatin, ko yana kwance ba lafiya, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ya danne bakinsa da hannu biyu, kunnensa kuwa na jiran ta sake faɗa.