Ranar da Zafi Ya Kayar da Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da kowa yake kira 'Yar Kaka, saboda ba ta rabuwa da kakarta. A shekarar nan an yi zafin da ko tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba. Kwanon rufin ɗaki har ƙara yake yi da rana.

Wata safiya ma'aikaciyar lafiya ta zo makarantarsu. Ta ce, "Yara, yanayin duniya yana canzawa, zafi sai ƙaruwa yake yi. Ya fi cutar da tsofaffi da jarirai. Mun buɗe babban ɗaki a asibitin unguwa, akwai fanka da ruwan sanyi. Ku riƙa kawo mana kakanninku da rana."

'Yar Kaka ta kai labari gida. Washegari da Mama za ta fita aiki, ta ce mata, "In an tashi daga makaranta, ki raka Kaka ɗakin nan. Kin ji ko?"

"Na ji, Mama."

Da rana 'Yar Kaka ta dawo, ta ce, "Kaka, tashi mu tafi."

Kaka ta taɓe baki. "Da lafiyata zan je asibiti? Su tsira mini allura a banza? Ke dai bar ni, ƙawata."

A daidai lokacin ƙawayen 'Yar Kaka suka ƙwala mata kira daga waje. Tsallen igiya za su yi a gindin bishiya. Daɗi ya kama ta. Ai Kaka ce da kanta ta ƙi zuwa! Ta fice da gudu, ko kofin ruwa ba ta ajiye mata ba.

Wasa ya yi daɗi, har ta manta da gida. Sai da ƙishi ya dame ta ta koma.

Ɗakin ya ɗauki zafi kamar murhu. Kaka tana kwance a tabarma, tana numfashi sama-sama. 'Yar Kaka ta taɓa goshinta. Zafi zau, kuma babu ɗigon gumi.

"Kaka! Kaka!"

Kaka ta buɗe ido da ƙyar. Ta ce, "Wace ce ke?"

Yarinyar ta miƙe zumbur. Ta ruga shagon tela maƙwabcinsu tana kuka. "Kawu, zo! Kaka ba ta gane ni ba!"

Tela ya watsar da almakashi ya biyo ta. Matarsa ta jiƙa zane ta lulluɓa wa Kaka, suna yi mata fifita. Aka samo mota, sai asibiti.

Ma'aikaciyar lafiya ta sa wa Kaka ƙarin ruwa a hannu. Can Mama ta iso hankali a tashe. 'Yar Kaka ta sunkuyar da kai, ta ce, "Mama, laifina ne. Ta ce ba za ta je ba, ni kuma na ji daɗi, don wasa nake so."

Mama ta jawo ta jikinta. "Kin yi kuskure, amma kin kyauta da kika nemi taimako da wuri. Gobe in ta ƙi, ki lallashe ta. In ta ƙi ji, ki kira babba."

Zuwa yamma Kaka ta farfaɗo. Ta dubi jikarta, ta yi murmushi. "Ƙawata, wannan hawaye haka? Tara mini a kofi, ƙishi nake ji."

Kowa ya fashe da dariya.

Da Kaka ta warke, ita ke fara ɗaukar mayafi da rana. A ɗakin sanyin ta tarar da tsohuwar aminiyarta, suka buɗe hira, har sai an yi da gaske take yarda a koma gida.

Daga ranar 'Yar Kaka ta gane cewa shawarar ma'aikatan lafiya ba abin wasa ba ce. In an ba ka amanar mutum, ka fara kula da shi. Wasa zai jira ka.