Wacce Ka Ba Wa Maganin?

"Allura, ajiye ɗinkin nan ki zo ki gani... ya fito."

Malam ya dire kwalin a tsakiyar falo yana haki, bakinsa har kunne kamar ɗalibin da ya zo na ɗaya. Malamin makaranta ne, kowa Malam yake ce masa, har matarsa. Ita kuwa tela ce, kuma shi ya laƙa mata Allura tun ranar da ya fara kai wandonsa shagonta, ta ɗaga yagewar ta ce wannan jana'iza yake buƙata, ba ɗinki ba. Ya ce ga ta siririya, ga tsini a baki. Daga nan ya mai da bencin shagon wurin zamansa, yana karanta mata littafi tana taka keke, har soyayya ta kai su ga aure.

Shekara huɗu suna jiran haihuwa, sai Allah ya ba su biyu a lokaci guda, mata, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Ɗaya tun a jego ba ta barin kowa ya huta, suka ce mata Rigima. Ɗayar sai dai ta bi ka da ido, ta zama Shiru. Yanzu shekararsu biyu da rabi.

Allura ta sauke Rigima daga cinyarta, ta zaro littafi ɗaya daga kwalin. Jagora ne ga iyayen tagwaye, bangonsa shuɗi, ga sunan Malam da manyan baƙaƙe. Ta buɗe tsakiya ta fara karantawa, sai murmushinta ya soma dusashewa.

Yadda za ki shayar da su tare ba tare da bayanki ya ƙage ba. Idan ɗaya ta farka, ki tashi ɗayar, in ba haka ba za su riƙa karɓa-karɓa da ke. Kada ki ce "su", kowacce ki kira ta da sunanta.

"Malam... wannan ai rubutuna ne."

"Namu dai, masoyiya."

"Littafin awona ne, wanda na riƙa rubutu a bayansa don kada in haukace. Ka ce za ka duba ne kawai."

"To ai na gyara Hausar, na tsara shi babi-babi. Kin san wahalar da na sha?"

Ta koma shafin farko. Ya sadaukar da shi ga mahaifiyarsa, wadda ta koya masa haƙuri. Ta juya gaba, ta juya baya, har ƙarshen bango. Babu ita ko a wuri ɗaya.

"Mama sau uku ta zo gidan nan tun da na haihu," in ji ta a hankali.

"Haba hasken idona, meye abin ɓacin rai? Ni da ke ai ɗaya ne. In an yabe ni, ke aka yaba."

"In an gaji fa? Wa ke gajiya?"

Ya yi dariya ya kama kumatunta. "Allura sarkin tsini."

Ba ta yi dariyar ba. Shiru ta jiƙe wandonta a kan tabarma, Allura ta tashi ta ɗauke ta.

Ba wai Malam ba ya son 'ya'yansa ba ne, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Tun da likita ya ce biyu ne a ciki ya cika kantar ɗaki da littattafan renon tagwaye, ya ja layi da jan biro, ya haddace. In ta ce bayanta zai ɓalle, sai ya ce littafi ya ce hakan na faruwa. In su biyun suka tsage da kuka, sai ya shige ɗaki ya duba abin da masana suka ce, kafin ya fito ta riga ta goya ɗaya ta rungume ɗaya. Ta rufe shagonta ta dawo da keken gida, rabin masu kawo mata ɗinki suka watse. Shi kuwa ko awa ɗaya bai taɓa rasawa a makaranta ba.

Littafin ya karɓu. A asibitin yara akwai wani zaure da iyayen 'yan biyu da 'yan uku ke haɗuwa duk ƙarshen wata, nan aka gayyace shi ya yi magana. Allura tana can kujerar baya, kowace cinya da yarinya, tana jin kalmominta suna fitowa daga bakinsa ana tafi. Wata mai 'yan uku, idonta duk ya faɗa, ta matso kusa da ita ta raɗa mata:

"'Yar'uwa, kin dace da miji. Nawa ko kwalbar madara bai san inda take ba."

Allura ta buɗe baki, ta kalli idon matar, sai ta haɗiye maganar.

"Allah ya kawo miki sauƙi," kawai ta ce.

Shiru tana da ciwon farfaɗiya tun tana wata goma. Akwai maganin ruwa da ake ba ta sau biyu a rana, ba a tsallakewa, kuma hannun Allura kaɗai ke ba da shi. Ranar wata Asabar dole ta kama ta kai kayan da ta ɗinka can ƙarshen gari, a gwada su a jiki a rage abin ragewa. Ta yi wa yaran wanka, ta tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan tana juya abin a ranta.

"Ƙarfe biyu daidai, Malam. Shiru kaɗai. Bari in ɗaura mata zare a hannu."

"Zare?" Ya sauke jaridarsa. "'Ya'yana ne zan kasa ganewa? Ni da na rubuta babi guda a kan wannan?"

"Don Allah dai..."

"Kin raina ni da yawa, Allura. Je ki abinki."

Ta mai da zaren aljihu don kada a yi faɗa, ta tafi.

La'asar ta wuce tana durƙushe da fil a baki tana kama gefen riga, wayarta ta yi ƙara. Malam ne. Suna asibiti.

Ba ta san yadda ta isa ba. Takalminta ɗaya ya tsinke a matakala, ta bar shi a nan. A ɗakin gaggawa ta tarar da gadaje biyu. A kan ɗaya, yarinya an saka mata robar iska a hanci, jikinta ya saki bayan jijjiga. A kan ɗayan, yarinya na barci mai nauyi, ma'aikaciyar jinya na ɗaga fatar idonta tana haskawa.

Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, tana tambayar Malam, da alama ba karo na farko ba.

"Wacce ka ba wa maganin?"

"Shiru... na ba wa Shiru. Wadda ta zauna shiru a kan kujera."

"Wacce ce a cikinsu?"

Ya kalli gadon dama, ya kalli na hagu.

Allura ta ratsa ta gabansa. Ko sakan ɗaya ba ta ɗauka ba.

"Wannan mai robar ita ce Shiru, ita ke da ciwon, ba ta samu maganinta ba. Waccan Rigima ce, lafiyarta ƙalau, ita ya ɗura wa. In ta gaji da wasa ita ma takan zauna shiru."

Likitar ta juya ta fara ba da umarni, aka tura su waje.

A barandar asibitin ya tsuguna a gabanta, hawaye na bin gemunsa.

"Na kira sunan, ita ce ta ɗago... wallahi ita ta ɗago."

"Duk sunan da ka kira su biyun ke ɗagowa. Ban rubuta wannan ba, shi ya sa ba ka sani ba."

"Ki yafe min, rabin raina."

"Shekara biyu da rabi kana gida ɗaya da su, Malam. Shiru tana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu. Rigima da hannun hagu take karɓar abu. Ba a littafi ake ganin wannan ba, sai ka ɗauke su."

Allah ya taƙaita. Rigima ta farka cikin dare tana neman ruwa, Shiru ta kwana biyu aka sallame su. Amma daga asibitin Allura ba ta koma gidansa ba. Gidan yayarta ta wuce, aka share mata ɗakin da ake ajiye kaya.

Mama, mahaifiyar Malam, ta kira ta ce ai kuskure ne, namiji ba a san shi da reno ba, kada ta kashe aurenta a kan abin da ya wuce. Allura ta ce, "To Mama, na ji," ta ajiye wayar. Yaya kuwa ba ta ce koma ba, ba ta ce zauna ba. Sai dai kullum da rana takan ɗauke yaran ta ce, "Kwanta ki yi barci, kin zama kamar tsinken shara." Karo na farko ke nan da wani ya ce mata haka tun da ta haihu.

Bayan sati uku ya zo da hantsi. Ya rame, rigarsa ba guga. Yaran na ganinsa suka kwasa da gudu suna "Baba, Baba," kowacce ta kama ƙafa ɗaya. Ya durƙusa ya rungume su, ya leƙa bayan kunnen ɗaya kafin ya kira sunanta. Allura ta ga lokacin da ya leƙa.

"Na daina zuwa zauren," in ji shi. "Na gaya musu gaskiya. Na ce ke ce... duk ke ce."

"Ka kyauta."

"Gidan ya yi min faɗi, Allura. Ko abinci ba na iya ci. Yaushe za ki dawo?"



"Ranar da zan iya barin su a hannunka in shiga wanka ban bar ƙofa a buɗe ba."

"Yaushe ke nan?"

"Ban sani ba. Ka riƙa zuwa. Ka yi musu wanka, ka ba su abinci, su yi maka amai a riga. In ranar ta zo zan gane."

"In ba ta zo ba fa?"



Ya zauna har azahar. Da ya tashi tafiya yaran suka bi shi bakin ƙofa suna kuka, sai da Yaya ta ɓamɓare hannuwansu daga wandonsa. Ya waiwayo sau biyu, Allura tana tsaye a bayan labule ba ta fito ba.

Yaya ta lallaba su suka yi barci, ta shigo ta same ta zaune a ƙasa ta jingina da gado.

"Kin yi daidai, ƙanwata."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a kafaɗar yayarta.

"Da ma na tsane shi ne, Yaya, da abin ya zo min da sauƙi... Ina son shi. Wallahi har yanzu ina son shi, kuma ina tsoron ya riƙe min 'ya'ya."