Kwandala Ɗaya a Teburin Bai Kiro

Wata Lahadi da la'asar Zdravko ya fara shigowa ɗakin baya na shagon shan kofi na tsohon da muke kira Bai Kiro, a birnin Plovdiv, zamanin da wayoyinmu duk masu maɓalli ne. Mai gyaran agogo ne, dogo, ga kunya kamar sabon ɗalibi. Ya zauna a teburin poka, wato cacar karta, inda Bilyana, 'yar Bai Kiro, ke raba karta.

Da zagaye ya iso kansa, ya tura kwandalar roba ɗaya, irin wadda ake zubawa a madadin kuɗi, baƙa mai daraja, bai ce uffan ba. Ƙari yake nufi, kowa ya gani a fuskarsa.

"Bi ne," in ji Bilyana. "Kwandala ɗaya, komai girmanta, in ba ka ce 'na ƙara' ba, bin abin da aka zuba kawai ka yi."

Ya ɗago ya dube ta, kallon ya ɗan wuce kima.

"Na... na..." Sai maganar ta maƙale. Ashe i'ina gare shi.

Plamen dillalin motoci, wanda ya daɗe yana zarya saboda Bilyana, ya kwashe da dariya. "Ku yi haƙuri da shi, zuwa Talata zai ƙarasa!"

Bilyana ba ta yi dariya ba. Da aka tashi ta naɗe masa banitsa mai ɗumi, wani burodi mai cuku, a takarda, da lambar wayarta a jiki.

A saƙon waya kuwa Zdravko akwai zuba. Wata huɗu yana maimaita kuskuren nan, har ta gaji ta rubuta masa:

"Agogona, ka riƙa tura kwandaloli da yawa a hannu ɗaya mana. Doka za ta ɗauka ƙari ne, ba sai ka yi magana ba."

Ya amsa: "Na sani tun Lahadi ta biyu, Bili. Amma in na gyara, wa zai dube ni ya ce 'bi ne'?"

Ta karanta a bayan kantar shagon, ta zuba wa wani tsoho gishiri a kofi.

Bai Kiro dai bai ga abin so ba. Shekara talatin yana yanke hukunci a teburin nan, shi kuma abin da kunne bai ji ba, bai faru ba.

"Plamen ya zo ya nemi aurenki da bakinsa," ya ce mata. "Wancan fa? Ko gaisuwa da kai yake yi."

"Baba, ka ga saƙonninsa kuwa?"

"Babban yatsa zan aura miki?"

Labarin Plamen ya isa kunnen Zdravko. Lahadi mai zuwa, ana cikin wasa, ya ciro ɗan akwatin zobe ya tura gaban Bilyana, shiru kamar kullum. Ta dubi akwatin, ta dubi ubanta da ke tsaye ya harɗe hannu. Ta san in ta ɗauka haka, tsohon ba zai taɓa lissafa shi ba.

"Bi ne," ta ce. "Abin da Plamen ya zuba ka bi."

Zdravko ya ɗauki akwatinsa ya fita. Wallahi ranar duk mun ji haushinta, har da masu yi masa dariya.

Lahadi biyu kujerarsa ba kowa. Plamen ya sayi sabon kwat. Sai Bilyana ta rubuta wa Zdravko:

"Ban ƙi ka ba, wawana. Teburin Baba murya yake ji. Ka zo ka faɗa, ko zai kai Talata ina nan tsaye."

Ya zo. Bai zauna ba. Ya ajiye akwatin, ya dafa tebur da hannu biyu, gumi na bin wuyansa.

"Bai K-k-kiro. Na... na..."

Plamen ya buɗe baki. Tsohon ya ɗaga masa yatsa. "Zagayensa ne. Ba a katse mai zagaye."

Muka jira. Injin kofi ya yi huci ya gaji.

"Na ƙ-ƙara. Ina s-son Bilyana. Ka b-ba ni ita."

Bai Kiro ya daɗe yana goge tabarau, alhali ba abin da ya same shi.

"An ji," ya ce. "Ƙari ne. Plamen, kana bi?"

Plamen ya dubi fuskar Bilyana, ya ɗauki hularsa ya fita.

An ɗaura auren a watan tsinkar inabi. Tsohon ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su gida mai surutu, aka kuwa amsa masa da 'ya'ya uku.

Yanzu Bai Kiro ya daɗe da rasuwa, shagon ya koma kantin magani, ina kewar ɗakin nan ba kaɗan ba. Amma duk Lahadi muna haɗuwa a kicin ɗin Zdravko da Bilyana mu buga. Har yanzu Zdravko, da furfurarsa, kwandala ɗaya yake turawa ya yi shiru, ya ɗago yana jira.

"Bi ne, Agogona," in ji ta.